Faifan Bahijja da Tumbin Ilu

"Ni fa, Gambo, tun da uwata ta haife ni ban taɓa sa hannu a aikin mata ba! Allura ko a gabana ta faɗi, tsallake ta nake yi in kira mace ta ɗauka."

Ilu ke nan, zaune a soron gidansa da ke wani lungu a Dala, ya ɗora ƙafa kan ƙafa yana kaɗa makullin babur ɗin da ya sayar tun bara. Allah ya hore wa Ilu murya. An ce in ya yi raɗa a gindin dutsen Dala, masu shayin Ƙofar Nassarawa kan waiwayo su ce, "Na'am?"

Abokinsa Gambo ya ce, "To ni da nake tela fa? Ai da allurar nake ci."

"Kai keke kake takawa. Keke inji ne, inji kuwa na maza ne. Ina nufin irin saƙe-saƙen nan na kaba."

"Amma Madam ɗinka tana ƙoƙari, wallahi. Matata ta ce yanzu duk amaryar da aka kai babu faifan Bahijja a ɗakinta, kamar ba a yi mata jere ba ne."

Ilu ya taɓe baki. "Wasan mata ne kawai. Na ƙyale ta ne don kada zaman gida ya gundure ta. Ni ko kallon inda take yi ba na yi."

"Salamu alaikum."

Sallamar ta fito daga bakin ƙofa a sanyaye, irin sanyin iskar da ke riga hadari isowa. Hajiya Nana Hauwa ce, mahaifiyar Bahijja, ta taso daga Goron Dutse duba 'yarta. Ta jima a tsaye, don mai adaidaita sahun da ya kawo ta tuni ya juya ya ɓace. Ilu ya sulale daga benci ya durƙusa, makullin ya faɗi ƙasa.

"Sannu da zuwa, Umma. An zo lafiya?"

"Lafiya," in ji ta. Kalma ɗaya tak, kamar an jefa tsakuwa a rijiya. Ta wuce ciki.

Tsakar gidan cike yake da rinanniyar kaba a shanye kan igiya, ja da kore da baƙi da ruwan ɗorawa. Ga faya-fayai a jere kan tabarma, kowanne da irin zanensa, har mutum ya ji tausayin ƙwaryar da za a rufe da su don ba ta kai su kyau ba. Bahijja na durƙushe tana share guntayen kaba, hannuwanta jajawur da galura, ga tukunya a wuta tana neman ƙonewa.

"Oyoyo Umma!"

"Riƙe oyoyonki. Duk wannan ke kaɗai?"

Bahijja ta sunkuyar da kai. "Eh, Umma."

"Ki yi rini, ki yi saƙa, ki yi girki, ki yi ciniki. Shi kuma ƙaton da ke soro me yake yi?"

"Yana neman aiki, Umma."

"A soro ake rabon aikin? Maƙwabtanku sun ce min wuni yake a gida, ƙofa a garƙame, kamar kazar kwanci! Yau kuma na ji da kunnena, wai wasan mata. Wasan matan da yake cika cikinsa da shi! Ɗauko mayafinki."

"Umma, don Allah—"

"Na ce ɗauko mayafinki!"

To, bari in ɗaga muku faifan ku ga abin da ke cikin ƙwarya.

Bahijja ba ta iya saƙa ba. Ko kusa, ko alama. In ka ba ta basilla, abin da za ta fara tambaya shi ne wane gefe ne kai. Rini ta iya, da ɗaukar hoto a waya, da daɗin baki ga kwastoma. Duk faifan da ya fita daga gidan nan, daga cibiyarsa har bakinsa, hannun Ilu ne.

Yana yaro ya faɗo daga katanga ya karye a ƙafa, ya yi jinya a ɗakin kakarsa mai saƙar faifai. Zaman banza ya ishe shi, ya fara miƙo mata kaba, daga miƙo kaba ya koma riƙe basilla, kafin ɗori ya kama har ya fi tsohuwar iyawa. Da ya miƙe ya binne abin a ransa, ya girma ya buɗe shagon kayan waya, ya auri Bahijja auren so da ƙauna, irin wanda har tsofaffin unguwa ke cewa, "Kai, yaran nan ku rage, akwai mutane." Sai gobara ta tashi a layin shagunansu, ta lashe nasa har kwano. Babur ya bi bayan shago. Wata rana Bahijja ta dawo daga gidan suna da wuri, ta tarar da maigida a bayan ƙyaure ya naɗe ƙafa, harshe a waje, yana saƙa faifai da wata kaba da ya sayo a ɓoye, wai don ya rage tunani.

Ta ɗauki hoton faifan ta sa a waya. Kafin la'asar oda ta fara shigowa.

Ranar ya riƙe hannunta ya ce, "Bahi, ki yi min alkawari. In majalisar su Gambo ta ji, na mutu a garin nan. Hajiya Ilu za su riƙa kirana har jikokina. Ki ce ke ce. Ko Umma, ko Baba, kada ki faɗa."

Ta yi masa alkawari. Yarinya ce mai riƙon magana, ita kuwa magana in aka riƙe ta da kyau, wani lokacin ita ke riƙe mutum a wuya.

A Goron Dutse, mahaifinta Malam Jibrin, mai sayar da turare a kasuwar Kurmi, mutum ne da ba ya ɗaga murya ko da rigarsa ce ta kama wuta. Ya saurari matarsa har ta gama, ya shafa gemu ya ce, "Ta zauna a nan har Ilu ya nemi abin yi. Ban hana shi zuwa gaisuwa ba, amma a soro."

Washegari sai ga Umma da ɗaurin kaba da ƙullin galura, ta zube a gaban Bahijja.

"Aminiyata za ta aurar da 'yarta, na karɓar miki aikin faya-fayan jere. Nan za ki yi, a gabana, abin da aka samu kuma naki ne, ba na cikin wani ƙato ba. Ai na gaya musu, hannun nan a nono kika sha shi. Mu danginmu haka muke."

Ita Umma, a iya sanin mutanen gidan, ko maɓallin riga ne ya cire sai ta aika wa tela.

A gefe guda kuma akwai tsohuwa 'Yardada, mahaifiyar Malam Jibrin, wadda jikoki ke kira Dada. Ta yi saƙar faifai tun tana budurwa har yatsunta suka gaji suka ce sun yi ritaya. Tana zaune kan 'yar tabarmarta a inuwar ɗaki tana jan carbi, ba ta ce komai ba. Dada ba ta cika cewa komai ba sai in maganar ta nuna ta yi laushi.

Bahijja ta kwashi kaba ta shige ɗaki. "Umma, ni ba na iya saƙa ana kallona. Kunya nake ji."

Nan ne kaɗai ta faɗi gaskiya a makon: kunya kam tana jin ta. Ta kulle ƙofa ta gwada. Abin da ya fito daga hannunta, ko kaza aka ba ta ta yi ƙwai a ciki sai ta nemi a sake shawara. Ta soke yatsa, ta tsotse jinin, ta fashe da kuka marar sauti. Sannan ta ɗauki waya ta shige lungun kicin.

"Yaya Ilu, an kama ni! Oda ce Umma ta karɓo, ta ce a gabanta zan yi. Don Allah ka zo ka gaya musu gaskiya."

"Innalillahi! Bahi, kwantar da hankalinki. Ina da dabara."

"Wace dabara kuma?"

"Ke dai ki ci gaba da kulle ƙofa."

Ku ji dabarar mai hankali. Ilu ya zauna a gida ya yi ta saƙa kamar aljani. In la'asar ta yi sai ya jera waɗanda ya gama a kan cikinsa, ya ɗaure tamau da ɗankwalin Bahijja, ya zuba babbar rigar angoncinsa a kai. A tsakiyar bazara fa, lokacin da ƙadangare ma ke neman inuwa! Ya taka daga Dala zuwa Goron Dutse yana tafe yana turo ciki gaba kamar sabon attajiri, gumi na bin sa kamar an kunna famfo. A soro sai Bahijja ta fito da babban hijabi, a kwance kaya a ɓoye, tumbi ya koma ƙarƙashin hijabi, Ilu ya koma gida siriri kamar sandar rake.

Ranar farko ya ci karo da Malam Jibrin a ƙofar gida. Ya yi niyyar durƙusawa irin ta suruki, faya-fayai suka ce ba da su ba. Ya tsaya a rabin hanya, ba a tsaye ba ba a tsugune ba, cikinsa ya yi wata ƙara, ƙiiiƙ!

Malam Jibrin ya dube shi. "Lafiya dai, Ilu?"

"Ɗan ciwon ciki ne, Baba."

"Allah ya sauwaƙe. A rage cin wake."

Umma kuwa ta leƙo ta taga ta gani. Ta dawo tsakar gida tana tafa hannu.

"Kun gani ko? Kun gani! 'Yata tana kulle a ɗaki tana ramewa, shi yana ajiye tumbi! Har ya yi ƙibar da ba ya iya durƙusa wa surukinsa. Da me ya yi tumbin? Da gumin 'yata da ya tara!"

Dada ta ja carbi ɗaya ta ce, kamar da kanta take magana, "Ikon Allah. Ni dai ban taɓa ganin tumbin da ake zuwa da shi a koma babu shi ba."

Babu wanda ya saurare ta. Mai fushi ba ya jin tsohuwa.

Aiki ya yi ta fitowa daga ɗakin Bahijja, kowanne ya fi na jiya kyau. Umma ta riƙa ɗauka tana zagaya maƙwabta da shi. Duk yabon da aka yi, sai Bahijja ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi. In an ce, "Allah ya yi wa hannun nan albarka," sai ta ɓoye hannun a mayafi. Abinci ya daina shiga. Rama ta gaske ta zo, ta ƙara wa Umma hujja. Don kada a yi zargi, Ilu har ya kawo mata wani faifai da bai ƙarasa ba, mai zanen tauraro ja a kan baƙi, wanda ya fi duk abin da ya taɓa saƙawa kyau, wai ta riƙa ajiye shi a cinya in za a shigo.

Wata safiya Dada ta kira ta. "Zo ki shafa min man zafi a ƙafa, 'yar nan."

Bahijja ta zauna tana shafawa. Tsohuwa ta kamo hannun ta jujjuya shi, ta latsa kan yatsun ɗaya bayan ɗaya. Galura kam akwai. Amma fatar laushi gare ta kamar ta jariri.

"Hannunki da kyau," in ji Dada. "Allah ya bar miki shi haka."

Bahijja ta kasa ɗaga ido.

Da la'asar ɗin nan, da aka gama sauke tumbi a soro, ta riƙe bakin rigar mijinta, hawaye na zuba.

"Yaya Ilu, na gaji. Uwata nake kallo ido cikin ido ina yi mata ƙarya. Jiya na ji tana gaya wa Baba wai gara ka sauwaƙe min. Saki fa ake magana!"

"Haba, ba za a kai nan ba. Ki ƙara haƙuri, Bahi. Da na samu wani ɗan bizines—"

"Kana da bizines! Shi muke ci, shi muke sha! Ni ban taɓa jin kunyarsa ba. Ranar da na gan ka a bayan ƙyaure, wallahi ji na yi na ƙara sonka." Ta share ido da bakin hijabi. "Gaya min, wace kunyar ta fi? A ce mijina yana saƙa, ko a ce mijina yana zaune mace na ciyar da shi?"

Ilu ya buɗe baki. Muryar nan da ake ji har Ƙofar Nassarawa ta koma 'yar siririya. Ya dubi ƙasa, ya dubi takalminsa, ya ce, "Ke ba ki san su Gambo ba ne."

Ta saki rigar. "Na yi maka alkawari, ba zan karya ba. Amma ka sani, in aka raba mu, ba Umma ce ta raba mu ba."

Ta shige gida. Ya daɗe a tsaye a soron, rigar ta yi masa yawa.

Ba a rufa mako ba Malam Jibrin ya aika a kira shi. Da hantsi ne, aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Malam na zaune kan kujera, Umma a gefe ta ci ɗamara a zuci, Bahijja a rakuɓe jikin bango ta lulluɓe fuska. Ilu ya cire takalmi tun daga soro, ya durƙusa can nesa. Yau babu tumbi, don haka durƙuson ya yi kyau. Dada na inuwarta, ba wanda ya lura da abin da ke kan cinyarta.

Malam Jibrin ya ce, "Ilu, ni ban ƙi ka ba. Talauci ba laifi ba ne, gobara kuma daga Allah take. Tambaya ɗaya zan yi maka. Mece ce sana'arka?"

Bahijja ta ɗago ido ta cikin mayafi ta dube shi. Kallon nan, da dutse aka yi wa da ya tsage.

Ilu ya sosa ƙeya. "Baba, akwai... akwai wasu kaya da nake jira. Suna kan ruwa."

"Kan wane ruwan?" in ji Umma. "Na kududdufin bayan gidanku?"

"Bari, Hajiya." Malam ya gyara zama. "Ilu, wa ke ciyar da gidanka tun bayan gobara?"

Ilu ya kama tsinkar bakin tabarma da farce.

"Bahijja, ke fa? Akwai abin da za ki ce?"

Ta girgiza kai, kuka ya ƙwace mata. "Babu, Baba."

"To. Ni ba zan ba da 'yata ga mutumin da zai zauna tana wahala, sannan ya fita soro yana kiran wahalarta wasa ba. In ba ka da abin faɗa, Ilu, ka ji tsoron Allah ka sauwaƙe mata."

Ilu ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.  Ya tuna majalisa, ya tuna dariyar Gambo mai kama da tashin janareta. Ya sake sunkuyar da kai.

Sai ya ji wani ɗan sauti daga inuwa. Ƙaras!

Ya saci kallo ta wutsiyar ido. Dada ce riƙe da faifan tauraron nan da bai ƙarasa ba. Ta zaro kaba busasshiya ƙayau, ko ruwa ba ta gani ba, ta cusa ta da basilla ta fizga. Kabar ta tsage. Ta sake zaro wata. Kore! A tsakiyar jan tauraro!

Ilu ya kawar da kai. Gumi ya keto masa.

"Muna sauraronka," in ji Malam Jibrin.

Ƙaras! Dada ta soka basilla a inda ba a sokawa, ta tsallake layi, ta ja har faifan ya fara karkacewa kamar bakin mai shanyewar jiki. Tana yi tana 'yar waƙarta a hanci. Yatsun Ilu suka fara motsi da kansu a kan gwiwarsa. Ya danne su da ɗaya hannun.

"Ilu, magana nake yi maka."

"Na'am, Baba... ina ji, Baba..."

Dada ta ɗaga faifan ta kalle shi a rana, ta yi tsaki. "Wannan cibiyar ma ba ta yi ba. Bari in farke ta a sake." Ta lalubo 'yar wuƙa a ƙarƙashin tabarma, ta ɗora bakinta a tsakiyar tauraron.

"DADA, TSAYA!"

Tantabarun unguwa suka tashi gaba ɗaya. Ilu na tsaye, bai san lokacin da ya miƙe ba.

"Wa ya ce miki ana farke cibiya? In kika yanke nan duk ya warware! Kuma ba a saƙa da busasshiyar kaba, sai an jiƙa ta ta yi laushi! Ja ne ke bin wannan layin, ba kore ba, ga shi kin tsallake, kin ɓata min tauraro gaba ɗaya!"

Gidan ya yi tsit. Kajin da ke tono a gindin murhu ma suka tsaya da ƙafa ɗaya a sama.

Dada ta ajiye wuƙar a hankali. "Na ɓata wa wa?"

"Na ce... kin ɓata mata. Mata na ce."

"Angona, idona ne ya tsufa, kunnena yana nan da ƙuruciyarsa." Ta wurgo masa faifan ya faɗa a hannunsa, ta tura masa kwanon ruwan alwalarta da ƙafa. "To gyara mata."

Ilu ya so ya ce bai iya ba. Wallahi ya so. Amma hannu ba ya shawara da girman kai. Kafin ya gama shirya ƙaryar, yatsunsa sun zare koren, sun tsoma ja a ruwa, basilla ta fara shiga tana fita kamar kifi a kogi. Kan ka ce kwabo faifai ya miƙe, tauraro ya dawo hayyacinsa. Sai a sannan ya tuna inda yake. Ya durƙushe a wurin, faifai a hannu, hawaye na ɗiga a kansa.

Umma ta dafe ƙirji. "La'ilaha illallahu! Bahijja! Duk waɗannan... duk wanda na zagaya unguwa da shi...?"

"Shi ne, Umma," in ji Bahijja cikin kuka. "Tun farko shi ne. Wuni yake yana yi har bayansa ya ƙage. Alkawari na yi masa. Ki yafe min."

"To tumbin fa?"

"Faya-fayai ne, Umma."

Dada ta dubi surukarta ta gefen ido. "Ai kuwa a nono aka sha. Sai dai ba mu san na wa ba."

Umma ta ja mayafi ta rufe fuska. Ranar dai kunya ta yi rabo a gidan nan, kowa ya samu kasonsa har da ƙari.

Malam Jibrin ya jima yana kallon faifan, sannan ya ce, "Ilu, ɗago kanka. Ita sana'a ba a tambayarta mace ce ko namiji, halal ko haram ake tambayarta. Ka ciyar da iyalinka da hannunka, wannan abin a yaba maka ne. Amma ka ɗauki kunyarka ka ɗora wa yarinya a ka, ta yi ta dako, ta yi wa iyayenta ƙarya saboda kai, ana zaginka tana haɗiyewa, har aurenku ya kai bakin rami kana kallo. Wannan shi ne abin kunyar, ba kaba ba."

"Na tuba, Baba. Wallahi na tuba." Ya juya wajen bango. "Bahi, ki yafe min."

Mayafin ya ɗan motsa, irin motsin da mai aure kaɗai ke gane fassararsa.

"Za ta bi ka yau," in ji Malam. "Da sharaɗi ɗaya. Sauran aikin bikin nan a soron gidanka za ka ƙarasa shi, ƙofa a buɗe. Kabar nan kuma kai za ka ɗauka a ka har Dala, ba a ƙarƙashin riga ba."

Haka kuwa aka yi. Majalisa ta yi dariya har ta gaji, Gambo har da faɗowa daga benci. Dariya kuwa ba ta da dogon numfashi. Da ta ƙare, sai ga masu dariyar suna zuwa ɗaya bayan ɗaya a sace, wannan ƙanwarsa za ta yi aure, wancan matarsa ta aiko shi. Bahijja ta mayar da ƙibarta, tana rininta tana cinikinta, ba ta ƙara ɓoye hannu a mayafi ba. Haƙurinta da riƙon alkawarinta ba su faɗi ƙasa banza ba.

Ku kuma samari da 'yan mata, ku riƙe wannan: wanda ya ji kunyar abin da ke ciyar da shi, wata rana zai ji kunyar da ta fi ta. Kuma duk son da kake yi wa mace, in ka bar ta tana ɗaukar maka ƙarya, to kanka kake so, ita dako kawai take yi.

Amma ku tsaya, ban gama da ranar ba. Suna shirin fita, Ilu ya ɗora ɗaurin kaba a ka, Bahijja na bayansa da jakarta. Da suka kai bakin soro, ya ga kamar ba mai ji, sai ya rage murya, irin ragewar Ilu, ya ce, "Bahi, kin san Allah, ko Dada ba ta yi haka ba, saura ƙiris in faɗa da bakina. Ganin hawayenki ne ya karya min zuciya."

Daga can inuwar ɗaki muryar tsohuwa ta biyo su.

"Ƙarya kake, angona! Matarka ta yi kuka har mayafinta ya jiƙe, kana durƙushe kamar an dasa ka. Faifai na sa wa wuƙa ka yi ihu!"